Ranar Yankan Kaba

Shekaranjiya matar ɗana ta naɗe tsohuwar tabarmar kabar da nake salla a kai, ta shimfiɗa mini sabuwa ta roba mai zanen kore da ja. Ba don ta ɓata mini rai ta yi ba. Yarinyar kirki ce, tabarmar kuwa ta cinye, gefenta duk ya zare. Na yi mata godiya, na sa mata albarka. Amma da na ɗora goshi a kan sabuwar sai na ji ba ta ƙamshin komai, ba na rana, ba na hayaƙi, ba na hannun da ya saƙa ta. Tun daga lokacin zuciyata ta tafi kurmin da muke yanko kaba a da, ta ƙi dawowa. A nan Dogon Dutsi kuwa ba ni da abokin wannan hira. Ɗana yana fita aiki tun da safe, jikoki suna lakwal, wato makarantar boko, in sun dawo rabin maganarsu Faransanci ne. Ni dai ina zaune ƙarƙashin rumfar kwano, ina jin babura suna wucewa bayan katanga.

Ni 'yar wajen Tibiri ce, aure ya kai ni wani ƙauye arewa da mu, tafiyar yini guda a ƙafa. A wancan zamani taɓarya ke tada mace daga barci. Tun gari bai gama wayewa ba za ki ji turmi ɗaya ya fara daga can ƙarshen gari, wani ya amsa masa, wani ya karɓa, har ki iya gane dakan kowace mace ba tare da kin gan ta ba: wannan mai gaggawa ce, waccan tana da ciki shi ya sa hannunta ya yi nauyi. Daga daka sai rijiya, mata uku kan igiya ɗaya, ana ja ana ba da labarin wanda ya kwana da zazzaɓi da wadda akuyarta ta ɓata. Yanzu ga injin niƙa, ga famfo a tsakar gida. An huta, ba na musu, bayana ma ya shaida. Sai dai mace tana iya yin mako ba ta ga fuskar maƙwabciyarta ba, kuma babu wanda zai ce lafiya.

Mijina na fari dogo ne, mai yawan dariya, ba ya kirana da sunana sai 'yar Tibiri. Wata bakwai da kai ni gidansu, an gama ɗaurin gero ke nan, masu jar hula, dogaran Nasara, suka iso da saƙon kumandan, a ba da maza goma sha biyu su tafi aikin Nasara. Yayansa aka nuna, amma matar yayan tana da tsohon ciki, sai shi ya miƙe ya ce zai tafi madadinsa. Da safen da za su tashi ya leƙo ɗaki yana ɗaure gorar ruwa a kafaɗa, ya ce, "Wata biyu na kaɗai, 'yar Tibiri. Ki lura da akuyata, ta kusa haihuwa." Kunya ta hana ni raka shi ko bakin zaure. Ta kafar darni na leƙa har suka sha kwana.

Bayan wata biyu, mutum goma sha ɗaya suka dawo, sun rame, kafaɗunsu duk gyambo. Suka ce raba su aka yi, wasu aka kai gyaran hanya, huɗu kuma aka bar su a tsohon barikin da ke cikin kurmi su sake azara su yi yaɓe. Shi yana cikin huɗun. Zazzaɓi ya kayar da shi, masu jar hula suka kora sauran ukun zuwa hanya, aka bar shi kwance wurin mai gadin barikin. Yayansa ya roƙi maigari ya haɗa shi da dogari suka je. Mai gadin ya ce musu ba ya nan, daga haka bai ƙara ko kalma ba. Shi ke nan. Damina ta zo ta wuce, akuya ta haihu har 'ya'yanta suka girma, ni kuwa ina nan, ba matar aure ba, ba mai takaba ba. Inna, uwar mijina, kullum sai ta ware masa tuwo ta rufe da faifai, da safe a ɗumama wa yara. In na iso rijiya sai hira ta yi ƙasa. Ba ni da ɗa, ba ni da ɗan'uwa a garin. Na koma in na gama aikina sai in shige ɗaki in zauna.

Gwaggo ce ta fitar da ni. Ƙanwar uban mijina ce, 'yar ƙaramar tsohuwa mai jan haƙori saboda fure da goro, 'yar bori wadda ko maigari ba ya katse mata magana. Kowace shekara in an gama kai gero rumbu, ita ke jan matan unguwarmu zuwa kurmin da ke cikin fadama, su yanko kabar da za a yi saƙar rani da ita. Wata yamma ta leƙo ta same ni ina kallon bango.

"Ɗiyata, gobe ki ɗauko gammo da lauje ki biyo mu."

"Gwaggo, ba ni jin daɗin jikina."

"Jikinki lahiya lau shike. Ɗakin ga shi ka cin ki. Kin ji abin da nic ce."

Mu tara muka fita, rana ba ta ɓullo ba tukuna, raɓa tana jiƙa mana ƙafa. Muka ratsa gonakin da aka girbe, inda Fulani suka riga suka sauka da shanunsu suna cin kara. Wata Bafillata da ta san Gwaggo ta fito daga ruga ta zuba mana nono a kan furarmu, ta ce mu kawo mata goriba in mun dawo. Da hantsi muka gangara fadama. Wanda bai ga kurmin nan da idonsa ba ba zai yarda ba, don yau gonaki ne fetal har inda ido ya tsaya. A lokacin kuwa da shigarki sai rana ta ɓace, sanyi ya sauko miki a wuya kamar an yayyafa ruwa. Ga giginya da goriba sun yi sahu, ga gawo, ga ɗinya da kanya, ga gawasa ta zubo ƙasa tana ƙamshi har ƙudan zuma sun rufe ta. Fakara ta tashi daga ƙarƙashin ƙafarki da ƙarar da za ta sa gabanki ya faɗi, zabin daji su ratsa hanya a jere, kurciya kuwa ba ta yin shiru ko na ɗan lokaci.

A bakin shiga akwai wata tsamiya wadda mutum biyar ba su kewaye ta da hannu. Nan Gwaggo ta tsayar da mu, ta durƙusa, ta zuba ɗan nono a gindinta, ta gaida doguwa, aljanar da ke wurin, kamar yadda ake gaida babbar ya. Ta ce mun zo yankan kaba, ba mu zo da ɓarna ba, a bar mu mu shiga lafiya mu fita lafiya. Sannan ta juyo mana da dokokinta da kowa ya haddace: ba a yanke zuciyar kaba sai ganyen gefe, ba a ƙwala wa mutum kira da sunansa, wadda ta ga abin da ba ta gane ba ta kau da kai ta yi gaba. Malaman yanzu za su ce wannan ba addini ba ne, ni ma na daɗe da barinsa, Allah ya yafe mana. Abin da na sani dai, a lokacin babu mai shiga wurin da gatari ya sari ɗanyen itace.

Kulu ce ta kama hannuna. Sa'ata ce, shekara ɗaya aka kawo mu garin, darni ɗaya ya raba gidajenmu. Muna shiga birai suka fara jifanmu da ƙwallon goribar da suka gwaigwaye, sai ta nuna wani babba da ya harɗe a reshe yana sosa ciki, ta ce, "Ku dubi wancan, wallahi surukina na, har gemun." Mata suka fashe. Ni ma na ji dariya ta kuɓuce mini, har na rufe baki da hannu kamar na yi sata. Muka duƙufa yanka. Kaba tana da ƙaya a gindin ganye, kafin azahar hannuwanmu duk sun yi zane-zanen jini, amma babu mai kula. Ɗaya tana ba da waƙa, saura muna amsawa, laujuna suna tafiya tare da amshin. Da rana ta take muka zauna bakin wani ɗan tafki, muka tsoma ƙafafu, muka dama fura, ƙwarya ɗaya tana kewayawa. Ban san na yi kewar muryata ba sai da na ji ta cikin muryoyinsu.

Da la'asar muka ɗaure damuna muka juyo. A hanyar dawowa akwai mararraba. Ta hagu tana zagayawa ta gindin dutse, ta fi nisa, amma ita mata ke bi kullum. Ta dama kuwa tana bi ta gaban bariki. Daga mararrabar ana hango shi a kan ɗan tudu, tsakanin itatuwa. Tsohon gini ne tun na Nasaran farko, da jan dutse aka yi shi, ga baranda ta kewaye shi, ga matakala uku a gaba, tagogin katako duk a rufe. Gwaggo ta ce tana yarinya aka gina shi, ubanta ma ya ɗauki dutsensa a ka har gashin tsakar kansa ya zube bai ƙara fitowa ba. Kumandan yakan kwana a ciki sau ɗaya ko biyu a shekara in ya fito rangadi, sauran kwanakin sai jemagu da mai gadi. Yau ko tushensa babu, mutane sun kwashe duwatsun sun yi gindin rumbu da su.

Na tsaya a mararrabar, dami a kaina, ƙafafuna suka ƙi bin hagu.

"Lahiya?" in ji Kulu.

"Za ni in tambayi mai gadin."

Wata daga cikin manyanmu ta riƙe baki. "Ke, kin san abin da kike hwaɗi? Gidan Nasara na! In masu jar hula na ciki fa?"

"Ko suna ciki. Ku tahi, ina iske ku."

Gwaggo ta daɗe tana dubana. Sannan ta sauke daminta a gindin wani kalgo, ta karkaɗe gammo, ta ce, "Tare munka hito. Ku aje kaya."

Haka muka hau tudun mu tara, a jere, babu mai tari. Mai gadin yana zaune a matakala yana gyaran wani tsohon takalmi. Dogon tsoho ne, baƙi ƙirin, da tsagen da ba irin namu ba, ƙafa ɗaya ta shanye yana jan ta, sanye da rigar soja da maɓallanta suka zube. An ce daga can yamma yake, bayan babban gulbi, Nasara suka kai shi yaƙi ƙetaren teku, da ya dawo gurgu suka ajiye shi nan. Ba mata, ba ɗa, sai kaji uku da 'yan shukokin barkono. Da ya gan mu ya miƙe a rikice, ya shiga ya fito da ruwa a gwangwani, yana ta cewa sannu, sannu, kamar wanda ya manta sauran gaisuwa. Gwaggo ta gaishe shi, ta tura ni gaba. Na durƙusa na buɗe baki zan yi magana, sai na ga ya ƙura wa bakina ido.

"Wushirya," in ji shi a hankali. "Ke ce 'yar Tibiri."

Na zauna a ƙasa daɓas. Duk duniya mutum ɗaya ke kirana haka.

Hausarsa gajera ce, yana ɗauko kalmomi ɗaya-ɗaya. Ya nuna wani ɗan ɗaki a gefen barikin. "Kwana tara yana kwance can. Ni na ba shi ruwa, ni na ba shi kunu. Kullum maganarki. Kullum."

"Baba, yana ina?"

Ya yi shiru. Ya dubi ƙasa, ya dubi takalmin da ke hannunsa, ya dube ni. Shirun ya yi tsawo har na ji kaza tana tono a bayanmu. Sannan ya ce, "Ya warke. Ya tashi. Masu jar hula za su zo su kai shi hanya. Na ce masa, gudu. Ya bi gabas, ƙasar Ingilishi. Ni na ce wa kumandan ya mutu. In an ji gudu ya yi, za a kama yayansa, za a ɗaure maigari, ni ma." Ya haɗa wuyan hannuwansa biyu ya nuna mana. "Yayansa ya zo da dogari. Gaban dogari ba ni magana."

"Ya ce zai dawo?"

"In ƙasa ta yi sanyi," in ji shi, bai dube ni ba.

Ban san sa'ad da na kama ƙafar tsohon nan ina godiya ba. Ya janye ta da sauri ya juya mana baya, na ɗauka kunya ce. Gwaggo ta tara mu a gindin matakala, ta bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Abin da kunnuwanku sunka ji nan, nan za shi kwana. Ko mazanku, ko uwayenku. Wadda tab buɗe baki, ita da mai tsamiya."

Na ce, "Gwaggo, Inna fa? Uwatai ta."

"Ita ta farko. In kin hwaɗa mata yau, gobe huskarta za ta hwaɗa ma gari duka."

Muka bar wa tsohon gawasa da sauran furarmu. Da muka sauko na waiwaya, yana tsaye a baranda shi kaɗai, gwangwanin a hannunsa. Daga nan har gida ban ji nauyin dami ba. Na riƙa wuce kowa, sai an ce in dakata. Muka ba Bafillatar goribarta, muka shiga gari ana kiran magariba, ni da wani abu mai zafi a ƙirji wanda ba ni da izinin nuna wa kowa.

Ba a yi wata biyu ba kumandan ya zo ƙidayar mutane. Aka tara gari a gindin gawo, ana kiran gida-gida. Da aka zo kan gidanmu tafinta ya duba takarda ya ce wane ya rasu a bariki tun bara, ya wuce suna na gaba kamar ya ce an yi ruwa. Inna ta faɗi a wurin. Aka yi zaman makoki, aka yi sadaka, aka sa ni takaba. Wata huɗu da kwana goma na zauna a ɗaki, ba kitso, ba kwalli, ina yi wa mai rai takaba, a sanina. Hawaye ko ɗigo bai zo mini ba. Na ji ana raɗa cewa 'yar Tibirin nan zuciyarta dutse ce, dama ba ta son shi. In masu gaisuwa sun shigo, Gwaggo takan mintsine ni a cinya don in sunkuyar da kai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Inna. Ta daina ware tuwo. Takan zo ta zauna kusa da ni ta riƙe hannuna tana ba ni haƙuri, ita da aka ce ɗanta ya mutu, ni kuwa maganar tana nan a maƙogwarona kamar ƙashin kifi.

Matan nan takwas ba su bar ni ba. Kowace la'asar sai sun shigo da kabar da muka yanko, an shanya ta ta yi fari, an tsaga, su baje a ƙofar ɗakina su yi ta saƙa. Ba a taɓa ambatar bariki ba ko sau ɗaya. Sai dai wani lokaci in na ɗaga kai in haɗa ido da ɗaya, ta ɗan lumshe nata ta koma kan saƙarta. A wannan zaman na koyi saƙar tabarma har na fi masu koya mini.

Da na fita takaba manema suka fito, na ƙi. Ubana ya aiko sau biyu in koma gida, na ce ba zan bar Inna ba. Mutane suka juya suna yabona, ba su san jira nake ba. A shekara ta huɗu aka ce Nasara sun bar ɗibar mutane aikin tilas. Sai ga mazan da suka gudu gabas suna dawowa ɗaya-ɗaya, wani da mata, wani da tabarmarsa kawai. Duk wanda na ji ya iso, ko a ƙauyen maƙwabta ne, sai in nemi dalilin zuwa, in yi masa barka, in ce, "Akwai sauran mutanen garinmu can?" Su lissafa mini, babu shi. Damina ta sake zuwa ta wuce. Inna ta rasu. A nan ne jiran ya juye ya zama fushi. Na ce a raina ya samu wata a ƙasar Kabi, ya haifi 'ya'ya, ya manta da wadda ta zauna masa, ya manta da uwar da ta mutu da baƙin cikinsa. Na ɗaure kayana na koma Tibiri. Na auri mutumin kirki, na haifi bakwai, huɗu suka rayu, ban rasa ci ba ban rasa sutura ba. Amma fushin nan bai taɓa barina ba. In ina yi wa mamata addu'a, in ambaci Inna, in ambaci Gwaggo, in ambaci tsohon mai gadi ma da na ji ya rasu shi kaɗai a barikin, shi kuwa ban taɓa sa shi ciki ba. Cikin masu rai ma ban sa shi ba.

Matan kurmi suka yi ta tafiya, yau a ce wance, baɗi a ce wance, har ya rage daga ni sai Kulu. Tsufa ya sake haɗa mu a garin nan, ni gidan ɗana, ita gidan ɗiyarta a wata unguwa. Ranar Juma'a akan kai ni wurinta mu yini muna tauna goro da sauran haƙoranmu. Bara waccan ciwo ya kwantar da ita. Wata rana da azahar ta aiko a zo da ni. Na same ta ta zama kamar kara. Ta ce wa ɗiyarta ta ba mu wuri, ta ja ƙofa.

"Kin tuna ranar bariki?" in ji ta.

"Ƙaƙa za ni mance?"

"Sa'adda kuke magana da tsohon, hitsari ya matse ni, sai niz zagaya bayan gidan." Ta tsaya ta nemi numfashi. "Akwai kabari can, gindin wata aduwa. Guda. An jera mishi duwatsu, an ruhe da ƙaya don kura. Ba tsoho ba na, damina guda ta duke shi. An share kewayenai tas, kamar kullum ana sharewa."

Na ji ɗakin ya yi mini nisa. Na ce, "Na wa?"

"Ban sani ba. Ban tambaya ba. Na dawo in hwaɗi, sai nig ga kin kama ƙahwar tsohon kina godiya, huskarki kamar an zuba ma shuka ruwa. Bakina ya mutu. Nic ce sai gobe. Da kinka shiga takaba nic ce ai ga shi ana yi mishi abin da ya kamata, in bari. Da kinka yi ta jira sai tsoro ya kama ni, in ce miki mi, bayan na bar ki shekara huɗu? Da kinka yi hushi da shi kuwa, kullum sai in ce yau za ni hwaɗi." Hawaye ya gangaro mata zuwa kunne. "Ƙila na wani matahiyi na. Ƙila. Amma ba ni son in tahi da shi. Ki yahe mini."

Na zauna ina jin fanka tana juyawa a sama. Sauran ukun da aka bari a barikin duk sun dawo gida da ƙafafunsu, na gan su, na gaishe su. Na tuna tsawon shirun tsohon nan kafin ya ce ya warke. Wataƙila gaskiya ya faɗa. Wataƙila kuma ya dubi yarinya durƙushe a gabansa, shi da ya yi jinyar kwana tara shi kaɗai, sai ya kasa. In haka ne, na yi fiye da shekara hamsin ina fushi da mutumin da ke kwance taku ashirin daga inda na zauna ina murna. Na kama hannun Kulu, ba nama ko kaɗan, na ce na yafe duniya da lahira, ita ma ta yafe mini. Na zauna riƙe da hannunta har aka kira la'asar.

Kwana uku ta ƙara. Ranar da aka kai ta na yi kukan da ya ba 'ya'yanta mamaki, har suka bar nasu suna riƙe ni, suna cewa, "Inna, haƙuri, ƙawarki ta huta." Na bar su a haka. Da muka koma gida na ce wa ɗana ya sayo mini gero in yi gumbar sadaka.

Ya ce, "Ta Inna Kulu?"

Na ce, "Rabi nata."

"Rabin fa?"

Na buɗe baki, sai na ga babu ta inda zan fara, kuma babu sauran mai rai da zai ce haka aka yi. Na ce masa, "Kai dai sayo."